Yadda Za Ka Ci Gaba Da Rubutu Idan Zumuɗi Ya Kwanta

Akwai shekarar da na yi wata bakwai cur ban ɗora alƙalami a kan takarda ba. Lafiyata ƙalau, littafin rubutun da na sayo riyal 12 yana nan a bakin taga yana shan ƙura. Kafin nan kuwa duk mako sai na fitar da wani abu a kan zaman Hausawa a nan Jidda, 'yan uwa a Kano da Maraɗi suna karantawa suna cewa a ƙaro. Sai abin ya yi mini wutar kara, ya tashi bal-bal, ya mutu murus. In na dawo daga aiki na watsa ruwa na zauna, sai in ji kaina fayau kamar an bi shi da tsintsiya.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A cikin Musnad na Imam Ahmad akwai hadisin da ya nuna cewa kowane aiki yana da lokacin ƙwazo, kowane ƙwazo kuma yana da lokacin sanyi. A kan ibada aka yi maganar, to ina ga rubutun da ba wanda ya ɗora maka, ba kuma wanda zai yanke maka albashi in ka bari? Saboda haka abin da zan kawo a nan ba dabarar dawo da zumuɗi ba ce, don shi baƙo ne, ranar da ya ga dama yake zuwa. Dabarar yadda aiki zai ci gaba ne ko yana nan ko ba ya nan.

Mataki na farko: gano abin da ya kwantar da kai

Kada ka fara da zagin kanka da cewa kai malalaci ne. Ɗauki kwana uku kana lura: duk lokacin da ka yi niyyar rubutu ka fasa, rubuta dalilin a layi ɗaya. A rana ta uku za ka ga dalili ɗaya yana ta maimaituwa.

Wani gajiyar jiki ce tsantsa. Mutumin da ya yi awa goma a tsaye a shago, ko ya wuni a bayan sitiyari tsakanin Jidda da Makka, barci yake bukata, ba wa'azi ba. Wani kuwa rijiyarsa ce ta ƙafe, ya gama ba da labarin zuwansa da Umararsa ta farko da yadda ya saba da cin kabsa, bai san me ya rage ba. Wani zuciyarsa ce ta yi sanyi, don ya yi rubutun da ya ci masa dare uku ba wanda ya tanka. Na huɗu shi ne mai jin kunya, ya karanta aikin wani gwani sai nasa ya zama masa kamar shirmen yara. Ni na biyu da na uku ne suka haɗu mini. Kowanne da maganinsa a ƙasa, amma matakai biyu masu zuwa na kowa da kowa ne.

Mataki na biyu: rage allonka

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san malam ba ya ɗora wa ƙolo izu guda a rana. Ayoyi kaɗan ake rubuta masa, ya yi ta biyawa har su zauna, ya wanke, a ƙara masa. Da haka ake kai izu sittin. Mu kuwa in mun tashi rubutu sai mu ce yau sai mun gama maƙala sukutum, mai gabatarwa da kammalawa. Ranar da ƙarfi bai kai ba sai a bar ta gaba ɗaya.

Yanke wa kanka kaso mai ƙanƙantar da za ka ji kunyar cewa ka kasa. Nawa kalma 150 ne, wato kamar rabin shafin littafin makaranta da rubutun hannu. Kwana biyar a mako, kalma 750 ke nan, maƙala guda ta fito. In kalma 150 ta yi maka yawa, mayar da ita layi biyar. Sharaɗi ɗaya ne: kason ba ya canzawa saboda yanayin zuciya. Ranar da abin ya zo maka da daɗi kana iya wucewa, amma abin da ka ƙara ba ya biyan bashin gobe. A nan hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito yake shigowa, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Mataki na uku: ɗaure rubutun a jikin salla

Wannan shi ne ginshiƙin, shi ya sa zan daɗe a kansa. Mai cewa "zan rubuta in na samu lokaci" ba zai samu ba, musamman a ƙasar da ba kai ke da iko da lokacinka ba, mai gidan da ya ɗauke ka aiki ne. Mai cewa "ƙarfe tara na dare" shi ma zai sha kaye, don ranar da aka riƙe shi a wurin aiki har goma, shike nan. Abin da ba ya motsi a rayuwarmu a nan shi ne salloli biyar. Zaɓi guda, ka ce bayanta kai tsaye rubutu ne, kafin shayi, kafin waya.

Na gwada bayan Isha'i, bai yi ba. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, ƙarfe tara namu bakwai ce a gida, daidai lokacin da kowa ya idar da Magariba ya ɗauki waya. Hajiya za ta kira, ƙanena zai kira a kan kuɗin makaranta, wani zai ce a yi masa tambayar farashin turare. Bayan Asuba kuwa, a can gida tsakar dare ne, babu mai nemanka. Minti ashirin da biyar nake ɗauka, a kan dardumar da na yi salla, littafi a kan gwiwa, wayar tana can jikin caji a wani lungu. In ɗakin na mutum huɗu ne kamar yadda namu yake a da, zauna a masallaci bayan an watse, ko a matakalar bene. Na yi wata biyu ina rubutu a kan matakala ta uku, ƙarar na'urorin sanyaya ɗaki tana zagaye da ni, wata mage mai ido ɗaya tana zuwa ta kwanta kusa da takalmina.

Sai dai shekarar nan ba tafiya ɗaya take yi ba, in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. A lokacin zafi Asuba tana shiga wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna a Jidda, dare gajere ne, wanda bai kwanta da wuri ba idonsa ba zai buɗu ba. Idan aikinka na waje ne, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, to ga tazara nan bayan Azahar, ka yi rubutun kafin ƙailula. Da azumi kuma gari juyewa yake, dare ya koma rana. An rage wa Musulmi lokacin aiki zuwa awa shida, amma kada wannan ya ruɗe ka, ƙwaƙwalwar mai azumi bayan La'asar ba ta haihuwa. Mayar da zaman zuwa bayan Tarawihi, ka kuma raba kason biyu. Goman ƙarshe ka ajiye alƙalamin gaba ɗaya da niyya. Haka ma kwanakin aikin Hajji ga wanda ke hidimar alhazai: ba lokacin rubutu ba ne, lokacin tara abin rubutawa ne.

Mataki na huɗu: cika rumbu tun kafin yunwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan abin da muke kira rashin kuzari, zama ne a gaban farar takarda ba tare da an zo da komai ba. Nemi ƙaramin littafi mai shiga aljihun jallabiya, ko ka buɗe wuri guda a wayarka. Kullum ka jefa abu uku: wata magana da ka ji, wani abu da ka gani, wata tambaya da ba ka san amsarta ba. Ba jimla mai kyau ake nema ba. "Mai bakala ɗan Yaman ya iya cewa 'ina kwana'." "Me ya sa tsofaffin Makka ke kiran mu 'yan ƙasa?" Irin wannan ya isa.

Bahaushen da ke zaune a ƙasar nan ya ce ba shi da abin rubutawa, ni dai ban yarda ba. Ga tsire da mutanen Hijaz suka karɓa suna kiransa sire. Ga sunan Hausawi a bayan rigunan 'yan ƙwallo, har Usama Hausawi ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Ga unguwannin Jidda irin su Sabil da Gulail da Karantina, inda namu suka yi shekaru da yawa, aka rushe su tsakanin 2021 da 2022, mazaunansu suka watsu. Wanda ya san inda mai koko take zama da inda ake ɗaurin aure a can, in bai rubuta ba wa zai rubuta? Ga jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018, yana cinye kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin awa biyu da 'yan kai, tafiyar da kakanni suka yi kwana da kwanaki a kan raƙumi.

Ni abin da ya tashe ni daga barcin wata bakwai wani dattijo ne a Makka, wajen Shara Mansur. Na raka abokina gaisuwar rasuwa, aka zaunar da mu kusa da shi. Hausarsa irin ta da ce, tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci. Na ce, "Baba, ku daga wane gari ne a gida?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ni ban taɓa ganin gidan ba. A nan aka yanke mini cibiya. Kakana ne ya taso da ƙafa."

Ya aiki jikansa ya ɗauko wata gafaka. Fatar ta yi baƙi ƙirin ta yi sulɓi saboda hannu, maratayinta ya tsinke an maye shi da igiyar leda shuɗiya. Ya ce a cikinta kakan ya rataye Alƙur'aninsa tun daga ƙasar Haɗeja, ya ratsa Chadi, ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira ta Sudan yana tara guzuri, sannan ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Na san wannan hanya a karatu. Na san bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Amma ban taɓa riƙe abin da ya bi hanyar a hannuna ba sai ran nan. Na ce, "Baba, in kun yarje mini, zan dawo in ji sauran." Ya ce, "Ka zo bayan La'asar, ka taho da goro in ka samu."

Ga yadda ake irin wannan zama. Tafi da tambaya uku kacal, kuma ƙanana: me kuke ci da safe a lokacin, wa ya yi muku kaciya ko kitso, nawa ne kuɗin hayar ɗaki. Babbar tambaya irin ta "ku ba ni tarihinku" ba ta haifar da komai sai "to, Alhamdu lillahi." Kada ka katse shi in ya saki hanya, sau da yawa a can gefen naman yake. Nemi izini kafin ka naɗi murya, kada kuma ka ɗauki hoton kowa a ɓoye. Ban da rashin kyautawa, dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga mai keta sirrin mutane da kyamarar waya. Maganar takardun zama da rikicin wani da mai gidansa kuma, a bar kaza cikin gashinta. Sauya suna, sauya unguwa, ko ka bar labarin.

Mataki na biyar: kada ka haɗa rubutu da gyara

Mai gini daban, mai yaɓe daban. Daga Asabar zuwa Laraba zuba kawai, kada ka waiwaya, kada ka goge. In kalma ta ɓace maka, ko Larabcinta ne ya zo bakinka kamar yadda yake faruwa da duk wanda ya daɗe a nan, sa ta haka ka ja layi a ƙarƙashinta. Alhamis ka karanta da ƙarfi, kunnenka zai kama inda harshe ke sarƙewa, ka nemo Hausar kalmomin da ka ja wa layi. Wannan ne maganin mai jin kunya, don abin da yake gani a wurin gwani yaɓaɓɓen ɗaki ne, bai ga ranar da ake kwaɓa ƙasa ba.

Sai wata 'yar dabara. Matan da ba sa kashe wuta gaba ɗaya da dare, sukan binne garwashi a toka don safe. Kai ma kada ka tashi sai ka rubuta jimlar farko ta gobe, ko da rabinta ne. Farawa ce mai wuya, in ka tarar an riga an fara maka sai ka ɗora.

Mataki na shida: rubuta wa mutum ɗaya

Wannan na mai sanyin zuciya ne. In kana rubuta wa "jama'a", shirunsu zai kashe ka, don jama'a ba ta da fuska. Zaɓi mutum guda da ka sani, ka sa shi a gabanka. Ni yayata nake rubuta wa, wadda ba ta taɓa zuwa ba, take ta tara kuɗin kujera. In na zo bayanin Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ba na cewa "wuri ne mai ƙayatarwa". Sai in tuna za ta ce, "To, kamar Kurmi yake ko kuwa?" Dole in faɗa mata yadda tagogin katako suka leƙo kan lungu, da ƙamshin turaren wuta da gahawa a kasuwar Alawi, da yadda ake ciniki a Bab Makka. Da ita a raina rubutun yakan fito da nama a jikinsa.

Game da ƙirga masu karatu kuwa, sa wa kanka rana ɗaya a mako da za ka duba, sauran kwanakin ka kau da kai. Na taɓa haɗuwa da wani direba a Madina da ya kawo mini wani tsohon rubutuna kusan kalma da kalma, alhali lokacin da na fitar da shi na ɗauka iska ce kawai ta karanta. Namu da yawa suna karatu shiru ne.

Mataki na bakwai: nemi abokin tafiya

Mutum ɗaya ya isa, ba sai ƙungiya ba. Tun 2013 hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, ko da yake yawancinmu Juma'ar kaɗai muke samu. Ni da wani ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina muka yi yarjejeniya: kafin a hau mumbari ranar Juma'a kowa ya tura wa ɗan uwansa abin da ya rubuta a makon ta WhatsApp. Wanda bai turo ba riyal 10 ne a kansa, muna tarawa, in mun haɗu mu ci tamis da ful da shi. Ba yabo muke yi wa juna ba. Tambaya biyu ce: ina ne ka ji daɗi, ina ne hankalinka ya tafi wani wuri? Kuɗin ba komai ba ne, kunyar ce ke aiki. Sau da yawa daren Alhamis na tashi na cike kasona don kawai kada yaron nan ya ce, "Yaya, yau ma shiru?"

Mataki na takwas: in igiyar ta tsinke

Za ta tsinke. Za a yi baƙi daga gida, za a canza maka wurin aiki, sabunta igama, wato takardar izinin zama, zai ɗauke maka hankali, ko ka tafi hutu gida wata biyu biki ya bi biki. Rubutu ba azumi ba ne, ba a ramuwarsa. Wanda ya ce zai biya kwana ashirin da ya sha a zama ɗaya, ranar zai sake gudu. Ka dawo kan kaso na ranar kawai, in ma ya yi nauyi ka fara da rabinsa na mako guda. Kada kuma ka buɗe da dogon ban haƙuri ga masu karatu a kan ɓacewarka, shiga labarin kai tsaye.

In kuwa ka duba ka ga gajiyar ta gaske ce, ɗauki hutu amma ka sa masa ranar dawowa, ka faɗa wa abokin tafiyarka. "Sai bayan Babbar Salla da mako ɗaya" hutu ne. "Sai na ji dama" kuwa, shi ne ya ci mini wata bakwai. A cikin hutun ci gaba da jefa abu uku a littafin aljihu, ka kuma yi karatu da Hausa, ko minti goma ne, don wanda ya wuni yana "aiwa" da "khalas" kunnensa yana bukatar a jiƙa shi da harshen gida.

Na koma wurin dattijon Shara Mansur sau huɗu, da goro kowane zuwa. Labarin ya kai inda kakan ya iso Sawakin kuɗinsa bai cika na jirgin ruwa ba. Garwashin da na binne yau da asuba rabin jimla ne, yana ƙasan shafi na 31: "Da mai jirgin ya ƙi karɓar kuɗin, sai ya kwance gafakar daga wuyansa, ya"